Yadda rada ke bin sawun hadari, da wuraren da take ɓatan kai

Taswirar nan mai launin kore da rawaya da ja da ake nunawa a rahoton yanayi, mutane da yawa suna ɗauka hoton girgije ne aka ɗauko daga sama. Hoton girgije aikin tauraron ɗan'adam ne. Ita rada a ƙasa take girke, kuma abin da take zanawa amsa-kuwwa ce da ta dawo daga ɗigon ruwa da ƙanƙara a wani siririn yanki na sararin sama, wanda ta leƙa 'yan mintunan da suka wuce. Duk wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin abin da take faɗa daidai, zai kuma gane dalilin kurakuranta.

Na'urar kanta hasumiya ce da farar ƙubba a kanta, cikin ƙubbar kuma akwai babban faranti mai juyawa. Mu ɗauki samfurin WSR-88D, wanda Amurka ta girke kusan guda 160 a shekarun 1990. Faɗin farantinta mita 8.5 ne. Takan harba igiyar rediyo mai ƙarfin kilowat 750, amma harbi ɗaya galibi wajen kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na daƙiƙa ne, sannan ta yi shiru tana sauraro. Idan aka tara duk harbin da take yi cikin awa guda, wajen daƙiƙa 7 ne kacal, sauran lokacin duk na sauraro ne. Igiyar tana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma zuwa da dawowa take yi. Saboda haka amsar da ta iso bayan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa daga nisan kilomita 150 ta fito. Inda farantin ya fuskanta shi ke ba da shiyya, jinkirin amsa ya ba da nisa, ƙarfin amsa kuma ya ba da labarin abin da aka taɓa.

Farantin yakan fara zagaye a ɗage da rabin digiri, ya kammala, ya ƙara ɗagawa, ya sake zagayawa, haka haka har digiri 19.5. Lokacin hadari, kammala wannan hawa yakan ci minti 4 zuwa 6. Wato hoto ɗaya na cikakken hadari ba a lokaci ɗaya aka ɗauke shi ba: gindinsa ya girmi kansa da mintuna.

Tsawon zangon igiyar, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayansa, yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Rada mai zangon S, santimita 10, tana ratsa mamakon ruwa ba tare da ta yi asarar ƙarfi sosai ba, sai dai tana bukatar ƙaton faranti da kuɗi masu yawa. Mai zangon C, santimita 5, ita ce mafi yawan ƙasashen Turai ke amfani da ita. Mai zangon X, santimita 3, ƙarama ce har ana ɗora ta a bayan mota ko a hancin jirgin sama, amma ruwa mai ƙarfi yana shanye igiyarta. Idan hadari biyu suka jeru a layi ɗaya, na gaba yana iya cinye harbin, na bayansa ya fito da rauni ko ya ɓace ɗungurungum. Wurin da ya fito fayau a bayan jan curi, wato dunƙulen ruwa mai ƙarfi a taswira, a irin wannan rada, abin tuhuma ne.

Ƙarfin amsa ana auna shi da ma'aunin dBZ, kuma launukan taswira daga nan suke fitowa. Ƙarin 10 a wannan ma'auni na nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Idan aka bi ƙa'idar da ake jinginawa ga Marshall da Palmer na Jami'ar McGill a Kanada, waɗanda suka wallafa bincikensu kan girman ɗigon ruwa a 1948, dBZ 20 yayyafi ne da bai kai milimita ɗaya a awa ba, 30 ya kusa milimita 3, 40 wajen milimita 12, 50 kuma ya doshi milimita 50 a awa. Daga 55 zuwa sama, sai a fara zargin ƙanƙara.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙarfin amsar ɗigo ba da yawan ruwan da ke cikinsa yake tafiya ba, da faɗinsa yake tafiya, an ninka shi a kansa har sau shida. Ɗigon da ya ninka wani faɗi sau biyu, amsarsa ta ninka sau 64, alhali ruwansa sau 8 kawai ya ninka. Ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 4 yana amsawa daidai da ɗigo 4,096 masu milimita ɗaya, amma waɗannan ƙananan sun fi shi ruwa sau 64. Shi ya sa gajimaren da ke zubar da manyan ɗigo jefi-jefi zai iya yin ja a allo, wani kuma mai zubar da ƙananan ɗigo a cunkushe, irin na hadarin da ya taso daga teku mai ɗumi, ya tsaya a rawaya yana cika kwari da ruwa. Masu aikin sukan sauya ƙa'idar lissafi gwargwadon irin hadarin, su datse lissafin a wajen dBZ 53 don kada ƙanƙara ta kumbura ƙiyasin, sannan su daidaita da ma'aunan ruwan sama da ke ƙasa. Ƙiyasin rada da ba a gwada shi da ma'aunin ƙasa ba yana iya ninka gaskiya biyu ko ya raba ta biyu.

Sai maganar inda harbin yake bi. Kamar hasken tocila yake, yana nisa yana buɗewa. Faɗinsa wajen digiri ɗaya ne, wato a nisan kilomita 100 ya buɗe kilomita 1.7, a kilomita 200 ya kai 3.5. Duk abin da ke cikin wannan faɗi, rada gwamutsa shi take ta ba da lamba ɗaya. Ga shi kuma duniya a lanƙwashe take, ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashin harbin. Mafi ƙanƙantar zagaye, na rabin digiri, a kilomita 100 tsakiyarsa ta hau kusan kilomita ɗaya da rabi sama da ƙasa, a kilomita 200 ta haura kilomita 4. Gajeren gajimare mai ruwa a can nesa, harbin ta kansa zai wuce, taswira ta nuna babu komai alhali ana sheƙa ruwa. Akasin haka ma yana faruwa: rada ta ga ruwa a sama, amma ya faɗo cikin busasshiyar iska ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. Kusa da hasumiyar kuma akwai wata makanta, domin farantin ba ya ɗagawa ya dubi saman kansa. Hadarin da ya zo daidai kan rada sai ya zama kamar ya lotsa a tsakiya.

Bin sawun hadarin kansa da jera hotuna yake farawa. Manhajoji irin su TITAN, wadda aka fitar a 1993 a cibiyar binciken yanayi ta NCAR, da SCIT da ke cikin tsarin radar Amurka, hanyarsu kusan ɗaya ce. Za a sa iyaka, a ce dBZ 35 ko 40, duk dunƙulen da ya haura ta a ɗauke shi curi guda. A lissafa tsakiyarsa, faɗinsa, tsayinsa da nauyin ruwan da yake ɗauke da shi. Idan hoto na gaba ya shigo, a nemo curin da ya fi kama da shi a nisan da zai yiwu ya kai, a ce shi ne. Daga matsayi uku ko huɗu a jere ake fitar da gudu da alkibla, a miƙa layi gaba.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata a gan shi da lambobi. A ce da ƙarfe 3:00 tsakiyar curi tana kilomita 60 yamma da wani gari, da 3:15 ta dawo kilomita 48. Ya ci kilomita 12 cikin minti 15, gudunsa kilomita 48 a awa ke nan, kibiya kuma za ta ce zai iso 4:15. Amma tsakiya ce za ta iso a lokacin. Idan bakin ruwan yana gaba da ita da kilomita 8, sanyayyar iskar da hadarin ke turowa kuma tana gaban ruwan da wasu kilomita 10, to abin da zai fara yaye rufi tazararsa kilomita 30 ce, zai iso wajen 3:52. Hoton 3:15 ɗin ma ba zai kai idon mai kallo ba sai bayan an sarrafa shi an tura, a ce 3:21. Wanda ya zaci yana da awa guda, rabin awa ke hannunsa. Don haka abu na farko da ƙwararre ke dubawa a kowane hoto shi ne lokacin da aka buga a jikinsa, kuma a tuna galibi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta shi, ba da agogon gari ba.

Miƙa layi gaba yana aiki da kyau ga faffaɗan ruwa mai tafiya a natse, har awa biyu ko uku. Ga hadari mai tsawa kuwa, bayan minti 30 zuwa 60 amincinsa ya ragu ƙwarai, kuma dalilin yana cikin halittar hadarin. Curi guda na yau da kullum rayuwarsa duka ba ta wuce rabin awa zuwa awa ɗaya. Iska mai ɗumi da laima ta hau, ruwa ya taru a sama, ya yi nauyi ya faɗo, ya janyo sanyayyar iska ta sauko ta datse wadda ke ciyar da shi, ya mutu. Ita wannan sanyayyar iska idan ta bugi ƙasa sai ta bazu, ta kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gefe ta ɗaga ta, a haifi sabon curi. Abin da ido ke gani kamar hadari ɗaya mai tafiyar awa uku, sau da yawa zuriya ce: na baya suna mutuwa, sababbi suna tsirowa a gefe ɗaya.

Saboda haka tafiyar hadari kashi biyu ce a haɗe. Akwai kwasar da iskar sama ke yi wa kowane curi, akwai kuma gefen da sababbi ke ɓullowa. Curi na iya nufar arewa maso gabas, gungun gaba ɗaya kuma yana gangarawa gabas ko kudu maso gabas, domin ta kudu iska mai laima ke shigowa. Wanda ya bi kibiyar curi guda zai gargaɗi garin da ba shi ba. Mafi hatsari shi ne a riƙa haifar sababbi a baya daidai da saurin da iska ke kwashe tsofaffi gaba. Kowace kibiya a allo tana nuna tafiya, amma gungun bai motsa ba, curi bayan curi suna zuba a kan kwari ɗaya. Milimita 50 a awa na tsawon awa uku milimita 150 ne, kuma sau da yawa ambaliyar bazata haka take samuwa. A ganina wannan ne wurin da dogaro da manhaja kaɗai ya fi cutarwa, domin ba a gane shi sai an kunna hotunan awa ɗaya ko biyu a jere an lura da wurin da jan bai taɓa gushewa ba.

Manhajar tana kuma rikicewa idan curi biyu suka haɗe ko ɗaya ya rabu. Tsakiyar da ake lissafawa sai ta yi tsalle, kibiya ta nuna gudun da babu shi. Babban hadari mai juyi a cikinsa, wanda ke iya rayuwa awanni, shi ma yana da tasa ɗabi'a: a arewacin duniya yakan karkata dama daga alkiblar sauran, sau da yawa ya rage gudu. Curin da ya bar layin 'yan'uwansa ya kauce dama, a sa masa ido.

Sanin ko hadari ƙaruwa yake ko mutuwa, sai an dubi tsayuwarsa, wato a haɗa zagayen sama da na ƙasa. Amsa mai ƙarfi takan fara bayyana a sama, kilomita 5 zuwa 8, kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Idan dBZ 40 ya kai tsayin da sanyi ya yi digiri 10 ƙasa da sifili, walƙiyar farko ta kusa, domin a nan ne ƙanƙara ke gogar juna tana tara lantarki. Wani bincike da Waldvogel da abokan aikinsa suka yi a Suwizalan a 1979 ya nuna cewa idan dBZ 45 ya haura tsayin daskarewar ruwa da fiye da kilomita 1.4, akwai yiwuwar ƙanƙara ta kai ƙasa, kuma har yau ana aiki da wannan. Idan kuwa cibiya mai nauyi da ke rataye a sama ta fara zubowa daga hoto zuwa hoto, iska mai ƙarfi na tafe ƙasa. Irin wannan faɗowar iska, wadda faɗinta bai kai kilomita 4 ba kuma cikin 'yan mintuna take gamawa, ita ta kayar da jirgin Delta mai lamba 191 a Dallas ranar 2 ga Agusta 1985, mutum fiye da 130 suka rasu. Bayan irin waɗannan haɗurra ne aka girke rada ta musamman a manyan filayen jirgi 45 na Amurka, mai duba ƙasa-ƙasa kowane minti.

Siffa ma tana magana. Layin hadari da tsakiyarsa ta turo gaba ya lanƙwashe kamar baka, iska ce mai ƙarfi ke ingiza shi ta baya, kuma ɓarna a ƙoƙon lanƙwasar take. Ƙugiya a gefen baya na babban curi alamar ruwa ne da juyi ya naɗe. An fara ɗaukar hotonta tare da guguwar tonado, wato ƙaƙƙarfar guguwa mai juyi da ke saukowa daga hadari har ƙasa, ranar 9 ga Afrilu 1953 a jihar Illinois. Bakin sanyayyar iska kuma yakan fito kamar siririn zare mai rauni a gaban hadari, domin ƙura da ƙwari ne suka taru a wurin. Inda irin wannan zare biyu suka yi karo, nan za a sa ran sabon hadari.

Rada mai aiki da ƙa'idar Doppler tana ƙara abu guda: gudun ɗigon. Tana kwatanta amsar harbi da ta wanda ya biyo shi, ta gano ko abin ya matso ko ya ja baya. A al'ada kore na nufin yana nufo rada, ja yana nisantarta. Iyakarta ita ce gudun da ke kan layin harbi kaɗai take ji. Iskar da ke gilmawa ta gabanta, ko da kilomita 100 take yi a awa, sifili za ta rubuta. Don haka ba a karanta wannan taswira sai an fara sanin inda hasumiyar take. Kore mai haske manne da ja mai haske, gefe da gefe a nisa ɗaya, juyi ne. Idan ka tsaya a mazaunin rada ka ga ja a dama, kore a hagu, juyin saɓanin hannun agogo yake yi, irin wanda ke haifar da yawancin tonado a arewacin duniya. Masu bincike sun fara tabbatar da wannan alama a guguwar Union City ta jihar Oklahoma ranar 24 ga Mayu 1973, inda juyin ya bayyana a sama kafin ya sauko. Idan kuwa koren yana kusa da rada, jan yana bayansa a layi ɗaya, iska ce ta bugi ƙasa tana watsewa.

Akwai ciniki a nan da babu yadda za a kauce masa. Rada mai zangon santimita 10 da ke harbi 1,000 a daƙiƙa, iyakar gudun da za ta auna ba tare da ruɗewa ba mita 25 ne a daƙiƙa, kilomita 90 a awa, iyakar nisanta kuma kilomita 150. Iskar da ke nisanta da mita 30 a daƙiƙa za ta fito a matsayin mai matsowa da mita 20, sai a ga ɗigon kore tsakiyar ja, wanda bai saba ba ya ɗauka juyi ne. Hadarin da ke kilomita 200 kuma amsarsa ba za ta iso ba sai an riga an yi harbi na gaba, sai rada ta ajiye shi a kilomita 50, siriri, a miƙe yana fuskantar hasumiya. A ƙara saurin harbi, a samu gudu a rasa nisa. A rage, a samu nisa a rasa gudu. Mai zangon santimita 5 rabin wannan gudu take samu. Mafitar da ake bi ita ce a zagaya ƙananan kusurwoyi sau biyu da saurin harbi iri biyu, ko a riƙa sauya shi, sannan manhaja ta warware. Tana warwarewa mafi yawan lokaci, takan kuma kasa daidai wurin da iska ta fi hargitsewa.

Ba duk amsa ce ta ruwa ba. Gine-gine da duwatsu suna amsawa, amma tunda ba sa motsi ana tace su. Injinan samar da lantarki daga iska sun fi wuyar tacewa saboda fikafikansu na juyawa. Da dare mai sanyi, ko bayan wucewar hadari, idan iska mai sanyi ta kwanta ƙarƙashin mai ɗumi, harbin yakan lanƙwaso ya bugi ƙasa can nesa, a ga jan dabbare-dabbare da ba ya tafiya, gudunsa sifili, tauraron ɗan'adam kuma bai ga girgije a wurin ba. Tsuntsaye masu tashi daga makwanci da asuba zobe suke yi mai faɗaɗa. Rana idan tana fitowa ko faɗuwa takan ja layi ɗaya miƙaƙƙe, haka ma na'urorin intanet marasa waya da ke kan zango ɗaya da radar C. A faffaɗan ruwa kuma akan ga zobe mai haske kewaye da hasumiya, a nisan da harbin ya ratsa tsayin da dusar ƙanƙara ke narkewa: manyan ɓarɓashi ne da ruwa ya lulluɓe, rada ta ɗauke su manyan ɗigo, ƙiyasin ruwa ya kumbura a banza.

Babban maganin da aka samu shi ne harba igiya iri biyu lokaci guda, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Amurka ta kammala sauya radarta zuwa wannan tsari a 2013. Babban ɗigon ruwa idan yana faɗowa iska tana baje shi, faɗinsa ya fi tsayinsa, sai amsar kwance ta fi ta tsaye. Ƙanƙara mirginawa take yi, amsoshin biyu su zo kusan daidai. Amsa mai ƙarfin dBZ 60 da babu bambanci tsakanin kwance da tsaye, ƙanƙara ce. Akwai kuma ma'aunin da ke nuna yadda abubuwan da ke wuri ɗaya suka yi kama da juna. Ruwa zalla yana ba da 0.97 ko sama, tsuntsaye da ƙwari suna faɗuwa ƙasa da 0.8. Idan wannan ma'auni ya faɗi a ɗan ƙaramin wuri daidai inda kore da ja suka manne, amsa kuma tana da ƙarfi, to tarkacen rufi da rassan itace ne ke shawagi. Guguwar ta riga ta sauka, ko da dare ne, ko da ruwa ya rufe ta babu wanda ya gani.

Ita ma ƙubbar tana jiƙewa. Idan mamakon ruwa ya sauka a kan hasumiyar, ruwan da ke kwarara a jikin ƙubba yana rage ƙarfin harbi wajen fita da wajen dawowa, musamman a zangon C da X. Sai a ga duk taswirar ta dusashe lokaci guda ta kowace shiyya, kamar hadarin ko'ina ya lafa tare. Ragin dBZ 5 kawai ya isa ya raba ƙiyasin ruwa gida biyu. A irin wannan lokaci ma'aikaci yakan koma ga radar da ke maƙwabtaka, wadda ke kallon hadarin daga gefe, ya haɗa da bayanan walƙiya da ma'aunan ƙasa, har ƙubbar tasa ta tsane.